Yadda Ɗalibin Sakandare A Texas Zai Samu Kiredit Ta Jarrabawa Ba Tare Da Zaman Aji Ba

Iyayen da suka kawo 'ya'yansu jihar Texas ta Amurka, musamman mazauna Houston da Dallas, suna yawan kawo kuka iri ɗaya. Yaro ya gama SS1 ko SS2 a Kano ko Kaduna, ko yarinya ta ci BEPC a Maradi, an zo nan an zaunar da su a ajin lissafin da suka wuce tun shekara biyu baya. Wani kuma a nan aka haife shi, kansa na ja, darasin ajin ya yi masa kaɗan. Duka biyun suna da mafita a dokar ilimi ta jihar. Sunan tsarin Credit by Examination, ana taƙaita shi da CBE: ɗalibi ya zauna jarrabawar darasi, in ya kai makin da aka gindaya a rubuta masa kiredit kamar wanda ya zauna ajin.

Kiredit shi ne ma'aunin da ake tarawa kafin a ba da shaidar kammala sakandare. Darasin shekara guda kiredit ɗaya ne, na zango ɗaya rabin kiredit, kuma shekarar karatu zango biyu ce. Mafi ƙarancin abin da Texas ke nema kiredit 22 ne, wanda ya ɗauki fannin ƙwarewa kuma 26.

Tun daga farko a riƙe wannan: jarrabawar tana tabbatar da ilimin da yaro ya riga ya mallaka ne. Wanda bai iya darasin ba, mako uku na hadda ba zai kai shi kashi 80 ba, kuma damar gwadawa ƙidayayya ce.

1. Ku nemo dokar gundumarku

Jiha ta shimfiɗa ƙa'ida a sashe na 74.24 na ɓangaren ilimi a kundin ƙa'idojinta mai suna Texas Administrative Code, amma kowace gundumar makarantu tana da nata ƙarin bayani. Ku shiga shafin intanet na gundumar, ku nemi manufofin hukumar makarantu, ku buɗe lambobi biyu: EHDC, wadda ta shafi ɗalibin da bai taɓa karanta darasin ba, da EHDB, ta wanda ya taɓa karantawa. Ku buga su a takarda. Sannan ku nemi jadawalin jarrabawar na wannan shekara, yawanci yana ƙarƙashin ofishin jarrabawa ko ofishin ɗalibai masu hazaƙa.

Gargaɗi: duk abin da ke cikin wannan jagora na Texas ne. A North Carolina, inda 'yan Nijar suke da yawa a Greensboro, sunan tsarin Credit by Demonstrated Mastery, kuma hawa biyu ne: jarrabawa, sannan wani aiki da ɗalibi zai yi ya gabatar wa kwamiti. Ohio ma tana da nata mai suna Credit Flexibility. Kada ku ɗauki makin wata jiha ku je ku yi gardama da shi a wata.

2. Ku tantance layin da yaron yake

Nan ne akasarin iyaye suke ruɗewa, kuma komai ya rataya a kansa: maki, kuɗi, har da jarrabawar jiha.

Layi na farko na wanda bai taɓa samun koyarwa a darasin ba, yana so ya tsallake shi. Daga aji 6 zuwa aji 12, ana bukatar kashi 80 cikin 100. Gunduma ba ta da ikon karɓar ko kwabo a kan wannan jarrabawa idan an yi ta a lokutan da ta tsara.

Layi na biyu na wanda ya taɓa karanta darasin amma ba shi da kiredit: ya faɗi, ko fashin makaranta ya cinye masa kiredit ɗin, domin dokar Texas ta ce sai ɗalibi ya halarci kashi 90 na kwanakin aji, ko kuma ya zo daga makarantar da gunduma ba ta amince da takardarta kai tsaye ba. A nan kashi 70 ake nema, kuma sau da yawa iyaye ne suke biyan kuɗin jarrabawar.

Yaron da ya zo daga Najeriya ko Nijar ko Ghana galibi ɗan layi na biyu ne, amma sai an nuna hujja. Gunduma ce take yanke hukuncin abin da za a kira koyarwar baya. Don haka kafin ku ma yi maganar jarrabawa, ku kai wa magatakardar makaranta takardun sakamakon kowane zango tun daga JSS3, masu hatimi da sa hannun shugaban makaranta, da sakamakon WAEC ko NECO ko BECE idan akwai. Takardun Nijar da ke cikin Faransanci a nemi fassararsu daga mai fassara da aka amince da shi. Idan makarantar gida za ta iya ba da jerin batutuwan da aka koyar a kowane zango, da yawan sa'o'in darasi a mako, ku roƙa, domin General Mathematics na gida ya haɗa aljabara da jometiri da ƙididdiga a tukunya ɗaya, alhali a nan kowanne darasi ne mai zaman kansa. Magatakarda ba zai iya rarraba su ba sai ya ga abin da ke ciki.

Sau da yawa wannan tantancewar kaɗai tana samar da kiredit ba tare da wata jarrabawa ba. Abin da ya rage bayan ta shi ake nema ta CBE.

Gargaɗi: kada ku ɓoye cewa yaro ya taɓa karanta darasi don a samu jarrabawa kyauta. Kun ɗaga masa maki daga 70 zuwa 80 da hannunku ke nan.

3. Zaɓen darasin da ya dace

Ba kowane darasi ne ya kamata a tsallake ba, ko da yaro zai iya cin jarrabawarsa. A ganina darussa kashi uku ne.

Masu sauƙin amfani su ne harsuna. Texas tana bukatar kiredit biyu a harshe guda wanda ba Ingilishi ba. Yarinyar da ta yi firamare da kwaleji a Zinder, zaunar da ita a ajin Faransanci na farko tana koyon gaisuwa ɓarnar shekara ce. Za mu koma kan harsuna a mataki na 5, domin maganar tana da faɗi.

Masu bukatar tunani su ne lissafi. Algebra I ita ce aka fi nema, domin wanda ya gama ta da wuri zai kai ga Calculus kafin ya bar sakandare. Amma lissafi gini ne, kowane bulo yana kan ɗan uwansa. Yaron da ya ci Algebra I da kashi 80 cif yana iya zama ya rasa kashi ɗaya cikin biyar na darasin, kuma in wannan ɓangaren shi ne na quadratic, to a Algebra II zai biya bashin. Idan a gwajin gida yaro ba ya kai 85 zuwa 90 cikin natsuwa, zama a aji ya fi masa alheri.

Waɗanda nake ba da shawarar a bari su ne kimiyya mai ɗakin gwaji, wato Biology da Chemistry da Physics, sai Ingilishi ga wanda bai daɗe da zuwa ba. Jami'o'i suna son ganin ɗalibi ya taɓa kayan gwaji da hannunsa. Ajin Ingilishi kuwa a nan ne yaro yake koyon salon rubutun da kowane malami zai nema daga gare shi har jami'a, kuma salon ya bambanta da na WAEC. Tarihin Amurka ma ba a faɗa masa da ka: darasin sakandare na Texas ya fara ne daga 1877 zuwa yau, kuma cike yake da sunayen dokoki da shari'o'in kotun ƙoli da yaron gida bai taɓa ji ba.

Gargaɗi ga mai wasanni: hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'i, ba ta ƙirga kiredit ɗin jarrabawa cikin manyan darussa 16 da take nema. Idan yaronku yana harin tallafin karatu ta ƙwallon kwando ko guje-guje, ku zauna da kocinsa da mai ba da shawara kafin ku tsallake lissafi ko Ingilishi ko kimiyya.

4. Zama da mai ba ɗalibai shawara

Kowane ɗalibi yana da jami'in ba da shawara da aka ɗora masa, galibi bisa harafin farko na sunan mahaifi. Ku aika masa imel ku nemi ganawa, ku je tare da yaron. Idan Turanci yana yi muku nauyi, ku nemi tafinta tun a cikin imel ɗin. Haƙƙinku ne, kuma makaranta ce take ɗaukar nauyi. Kada a bar yaro ya zama tafintan maganar da ta shafe shi.

Ku tafi da waɗannan tambayoyi a rubuce:

A wane layi gunduma ta sa yaron a wannan darasi?
Wace jarrabawa hukumar gunduma ta amince da ita?
Yaushe ake rufe rajista?
Ana haɗa makin zango biyu a raba, ko kowanne sai ya kai?
Makin zai shiga lissafin GPA, wato matsakaicin makin duk darussa, da jerin matsayi na aji?
Idan ya ci, akwai gurbi a darasi na gaba?
Idan ya faɗi, makin zai fito a takardar sakamako?

Bayan kun dawo gida, ku aika ɗan gajeren imel kuna maimaita amsoshin da aka ba ku, ku ce a gyara idan kun ji ba daidai ba. Jami'an nan kowannensu yana riƙe da ɗalibai ɗaruruwa, kuma ana sauya su. Magana ta baka iska ce, rubutu shi ke zama.

Tambayar GPA ba ƙarama ba ce. A Texas, wanda ya fito cikin kashi 10 na saman ajinsa, ya kuma cika tsarin da ya haɗa da Algebra II, yana samun gurbi kai tsaye a jami'o'in gwamnatin jiha, ko da yake Jami'ar Texas ta Austin ta fi tsaurara adadin. Doka ta ce a rubuta makin jarrabawar a takardar sakamako. Ko za a ƙirga shi a GPA, wannan na gunduma ne. Inda ake ƙirgawa, yaron da zai iya samun 97 a ajin da ake ba makinsa ƙarin nauyi a GPA ya ɗauki 81 a jarrabawa ya yi asara a matsayi, ko da ya ci ribar lokaci.

5. Zaɓen irin jarrabawa da kuɗinta

Hanya ta farko, wadda aka fi bi, jarrabawar da jami'o'i biyu suke shiryawa: UT High School ta Jami'ar Texas da ke Austin, da TTU K-12 ta Jami'ar Texas Tech da ke Lubbock. Jarrabawarsu zango-zango ce, A da B. Wato Algebra I takarda biyu ce, 1A da 1B, kuma cikakken kiredit sai da duka biyun. Ɗan layi na farko gunduma ce take saya masa. Idan kun ga lokacin gunduma bai yi muku ba, doka ta ba gunduma damar karɓar sakamakon jarrabawar da iyaye suka saya da kuɗinsu daga waɗannan jami'o'i biyu. Farashin yana kan shafinsu, kuma na kowane zango ne daban, don haka ku ninka biyu.

Gargaɗi: kada ku saya kafin mai ba da shawara ya amince a rubuce. Damar karɓa aka ba gunduma, ba a tilasta mata ba. Kuma jarrabawar da aka saya tana da wa'adin da in ya wuce kuɗin ya tafi.

Hanya ta biyu ita ce AP, jarrabawar darussa masu matakin jami'a da ƙungiyar College Board take shiryawa. Maki 3 cikin 5 yana ba da kiredit, muddin hukumar gunduma ta amince da wannan jarrabawa ga wannan darasi. Ana yin ta sau ɗaya a shekara, a watan Mayu, sakamako ya fito a Yuli. Makarantu suna rufe oda a tsakiyar Nuwamba, wanda ya makara ya biya tarar dala 40. Kuɗinta ya kusa dala 100, amma akwai ragi mai yawa ga iyalan da 'ya'yansu suke cin abincin makaranta kyauta ko da rangwame.

Hanya ta uku CLEP ce, ita ma ta College Board. Ana auna ta daga 20 zuwa 80, kuma 50 ake nema. A kwamfuta ake yin ta, duk shekara, yawancinta minti 90, kuma a mafi yawan darussa ana ganin maki nan take. Kuɗinta dala 90 da 'yan kai, ban da abin da cibiyar jarrabawa take karɓa. Ƙungiyar Modern States tana da darussa kyauta a intanet, kuma wanda ya kammala su yana iya neman takardar da za ta biya masa kuɗin CLEP. Fa'idar AP da CLEP ita ce jifa ɗaya tsuntsu biyu: jami'o'i da yawa ma suna ba da kiredit a kansu.

Yanzu batun harsuna. Faransanci yana da AP, yana da CLEP, yana cikin gwajin ƙwarewar harshe na AAPPL da na STAMP da gundumomi da yawa suke amfani da su. Larabci ba shi da AP ko CLEP, amma yana cikin AAPPL da STAMP. A nan a yi hattara. Yaron da ya sauke Alƙur'ani, ya yi Ahalari da Ishmawi, yana da karatu mai kyau, amma gwajin zai nemi ya saurari hira a filin jirgi, ya bayyana unguwarsu da baki, ya rubuta wa aboki saƙo. Wanda bai saba hira da Larabci ba zai sha wuya a ɓangaren magana, komai kyan tilawarsa.

Hausa fa? Hirar gwajin baka ta ƙungiyar malaman harsuna ta Amurka, ACTFL, wadda ake kira OPI, ana yin ta da Hausa. Ta waya ce, kusan rabin sa'a, mai gwaji yana jan ɗalibi da hira daga abu mai sauƙi zuwa mai nauyi har ya ga inda ya tsaya. Ko gunduma za ta karɓa, da ko za ta nemi ƙarin gwajin rubutu, sai an tambaya, kuma sau da yawa ku ne za ku fara kawo maganar, domin mai yiwuwa ba wanda ya taɓa nema kafin ku. Ku nema. Yaron da yake jin Hausa a gida yana riƙe da abin da zai iya zama kiredit biyu. Sai dai Hausar "Mama, ina abinci?" ba ta isa ba. Za a ce ya ba da labarin abin da ya faru makon jiya daga farko zuwa ƙarshe, ya kwatanta makarantarsa ta nan da ta gida, kuma duk inda ya tsoma Turanci ana lura. Idan akwai rubutu, sai ya san ɓ da ɗ da ƙ da 'y, ya san raba kalmomi, ya daina rubutun WhatsApp.

6. Rajista a kan lokaci

Dole kowace gunduma ta buɗe aƙalla lokaci huɗu a shekara: ɗaya tsakanin 1 ga Janairu da 31 ga Maris, ɗaya tsakanin 1 ga Afrilu da 30 ga Yuni, ɗaya tsakanin 1 ga Yuli da 30 ga Satumba, ɗaya tsakanin 1 ga Oktoba da 31 ga Disamba. Amma ranar rufe rajista tana zuwa makonni kafin ranar jarrabawa, domin sai an yi odar takardu. Mafi yawan waɗanda suka rasa wannan dama ranar rajista ce ta wuce su, ba jarrabawa suka faɗi ba.

Ku ƙirga daga baya. Dokar ta ce idan ɗalibi bai ci kiredit ba kafin farkon shekarar da ya kamata ya shiga wannan darasi, to sai ya zauna ajin. Makarantun Texas suna buɗewa a Agusta. Don haka gwaji na farko ya kamata ya faɗo a Mayu ko Yuni, a bar na Yuli a matsayin dama ta biyu. Wanda ya fara da Yuli, in ya faɗi, shi ke nan. Ku kuma duba kalandar Musulunci da ranar tafiya gida hutu, kada jarrabawa ta sa'a uku ta faɗo a tsakiyar azumi ko ranar da kuke jirgi alhali akwai wani lokacin.

Wajen cike fom, sunan yaro ya zama daidai da yadda yake a rajistar makaranta, harafi da harafi. Muhammad da Mohammed a kwamfutarsu mutum biyu ne. Ranar haihuwa kuma wata ake fara rubutawa: 03/07/2010 a nan 7 ga Maris ne. Ku ɗauki hoton fom ɗin bayan kun sa hannu.

Ɗaliban da ba su da matsuguni na dindindin da waɗanda ke hannun riƙon gwamnati, idan sun sauya makaranta bayan an fara shekara, ba sa jiran waɗannan lokuta. Yaron da yake da tsarin IEP ko 504, wato tallafin ɗalibai masu bukata ta musamman, kuma a nemi sauƙin da aka saba ba shi, kamar ƙarin lokaci, tun a ranar rajista.

7. Shiri

Ku ba shi mako shida zuwa takwas. Kayan aiki huɗu ne, duka kyauta: takardar bita da UT High School ko TTU K-12 suke sakawa ga kowace jarrabawa, jerin TEKS na darasin, wato abin da jiha ta ce dole a iya, tsofaffin tambayoyin jarrabawar jiha, STAAR, da ke shafin hukumar ilimi ta jiha, TEA, sai darussan Khan Academy.

Ranar farko, kafin a karanta komai, yaro ya zauna a teburi, waya a wani ɗaki, a sa agogo, ya yi cikakken gwaji. Wannan makin shi ne gaskiyar magana. Sai ya ɗauki jerin TEKS da biro, kowane layi ya sa masa alama ɗaya cikin uku: na iya, ina tangal-tangal, ban taɓa gani ba. Idan "ban taɓa gani ba" ta haura kashi ɗaya cikin huɗu, a ɗage zuwa lokaci na gaba. Lokacin shiri na layukan tsakiya ne da na ƙarshe. Yara suna son maimaita abin da suka iya domin yana da daɗi.

Ga yaron da ya taso a tsarin gida, abin da ke kayar da shi sau da yawa suna ne, ba ilimi ba. Abin da malamin Kano ya kira gradient a nan slope ne. Indices su ne exponents. Simultaneous equations su ne systems of equations. Trapezium shi ne trapezoid, BODMAS kuma PEMDAS. A buɗe littafi guda, a ja layi a tsakiya, sunan gida a hagu, na nan a dama. Awo ma ya sauya: inci da ƙafa da mil da galan maimakon mita da lita. Ɗan Nijar kuma ya saba rubuta uku da rabi 3,5, a nan 3.5 ne, waƙafi na dubbai ne. Ya kuma lura da yadda yake rubuta 1 mai dogon baki, kada mai dubawa ya karanta 7.

Sai kalkuleta. Algebra I ta Texas ta ɗauka cewa ɗalibi ya iya amfani da kalkuleta mai zana hoton lissafi, irin TI-84. Yaron da ya saba da tebur mai lamba huɗu da ƙaramar Casio zai iya warware tambayar da hannu, amma zai ci minti shida inda ɗan ajin yake cin ɗaya. Sabuwa ta haura dala 100, amma makarantu da yawa suna ba da aro. Ya riƙe ta mako huɗu aƙalla, ya koyi shigar da lissafi, duba tebur, nemo inda layi biyu suka haɗu, da fitar da layin da ya fi dacewa da bayanai. Ku duba takardar bita ku ga irin wadda aka yarda a shiga da ita.

A mako biyu na ƙarshe a yi cikakken gwaji sau biyu, a daidai sa'ar da za a yi na gaske.

8. Ranar jarrabawa

Katin shaida mai hoto, fensir lamba 2 guda biyu, kalkuleta mai caji ko sabon batir, da takardar gayyata. A isa minti 30 kafin lokaci. Waya da agogo mai intanet a bar su a mota, domin ƙarar waya ɗaya tana iya soke takarda, kuma damar ta ƙone. Idan an ba da zaɓi, kada a yi A da B a rana ɗaya. Wanda zai yi a gida ƙarƙashin sa ido ta kyamara, a gwada kwamfuta da intanet tun ana gobe jarrabawa, a share teburi, a kulle ƙofa, a gaya wa ƙannensa kada kowa ya leƙo. Wani ya wuce ta bayansa ma yana iya jawo tuhuma.

9. Bayan sakamako

Idan ya ci, aiki bai ƙare ba. Ku nemi sabuwar takardar sakamako ku gani da idonku cewa kiredit ya shiga, sunan darasi daidai, zango biyu duka. Sannan ku tabbatar an gyara jadawalinsa kafin ranar buɗe makaranta. Ba abin mamaki ba ne yaro ya ci jarrabawa a Yuni ya tarar da sunansa a tsohon ajin a Agusta, domin ofishin jarrabawa daban, mai tsara jadawali daban. Ga ɗan aji 7 ko 8, ku tambaya ko makarantarsa tana koyar da darasi na gaba, in ba ta yi, wa zai kai shi babbar sakandare kowace safiya.

Akwai darussan da suke da jarrabawar jiha ta ƙarshen darasi, STAAR EOC, irin su Algebra I da Biology da Tarihin Amurka. Ɗan layi na farko da ya ci kiredit ta wannan hanya an ɗauke masa ita. Ɗan layi na biyu kada ya ɗauka sauƙin ya shafe shi, a tambaya a samu amsa a rubuce.

Sa'ar da ta buɗe a jadawali ba ta zaman gida ba ce. A cike ta da darasi na gaba, ko AP, ko darasin haɗin gwiwa da kwalejin yanki wanda yake ba da kiredit na sakandare da na jami'a lokaci guda.

10. Idan ya faɗi, ko an hana shi zama

Dama biyu kawai doka ta ba ɗalibi a kowane darasi, kuma ba a maimaita jarrabawa ɗaya a lokaci guda cikin huɗun nan. CLEP kuma sai an jira wata uku. Ku nemi rahoton da ke nuna ɓangarorin da ya yi rauni. Wanda ya samu 76 ko 78, ya gyara wurare biyu ko uku ya koma. Wanda ya samu 60, ya shiga aji, kuma a gaya masa da baki cewa bai yi abin kunya ba, domin yara suna ɗaukar irin wannan da zafi fiye da yadda suke nunawa.

Idan kuwa makaranta ce ta ce ba ta yin wannan, ko ta nemi kuɗi daga ɗan layi na farko, ku ɗauko takardar EHDC da kuka buga a mataki na 1. Ku fara da mai ba da shawara, sannan shugaban makaranta, sannan ofishin jarrabawa na gunduma, kowane mataki da imel mai kwanan wata. In har yanzu ba a gyara ba, hanyar shigar da ƙorafin iyaye tana ƙarƙashin manufa mai lamba FNG, da fom ɗinta da wa'adinta. Ku karanta wa'adin a ranar da aka ƙi ku, domin daga ranar yake fara ƙirgawa.